Tukunyar da Ta Hana Kawu Cin Burodi

Zuwa ga Yaya Mai Tabarau,

Bayan sallama da gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya kamar yadda muke nan. Kawu lafiyarsa ƙalau, sai gwiwar nan da ke masa tsiya in ya daɗe zaune a shagon yadinsa. Inna ta yi mura ta warke. Ummata tana gaishe ki, ta ce in tambaye ki ko kina samun cin abinci. Na ce mata wanda ya tashi yana cin takarda ai yunwa ba ta kama shi.

Ke kika ce in bar kiranki a waya in dinga rubutowa, wai don hannuna ya faɗa da boko. To ga shi nan. In kin ga harafi ya karkace ki yi haƙuri, hannun da ya saba tafiya daga dama zuwa hagu a kan allo kika tilasta wa juyawa, kamar a ce wa jaki ya yi tafiya da baya. Direban da ke kawo mana fulawa gidan burodi shi zai miƙa miki, ya ce yana wucewa ta ƙofar jami'arku.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne mutane sun ishe ni. Duk wanda ya zo sayen burodi sai ya tambaye ni wai 'yar Kawuna ba ta gama karatun ba ne har yanzu. In ce ta gama, digiri na biyu ta koma. Su ce likita ce? In ce a'a. Injiniya? In ce kusan. Mai aski ya ce shi bai taɓa jin sana'ar da ake kira kusan ba.

Ki rufa mini asiri. Na san zumuncinmu sai an zauna an warware shi, kakana da kakanki ne uwa ɗaya uba ɗaya, amma a unguwar nan ba ni da wata riga ta taƙama sai ke. Ki faɗa mini abin da kike yi, da Hausar da ɗan makarantar allo zai gane.

Taubashinki,
Tsinke

*

Tsinke,

Na amsa sallamarka. Lafiyata ƙalau, sai bacci da ba ya isata. Ka gaida Baba da Inna da Umma, ka ce wa Baba ya daina zama a kan ƙaramar kujerar nan. Wasiƙarka sau biyu na karanta ta, na farko don in gane rubutun, na biyu don in gane maganar.

Ka san yis ɗin da kuke zubawa a kwaɓi ya tashi? Abu ne mai rai, sai dai ido ba ya ganin guda ɗaya. Akwai irinsa da masana suka gyara, yadda in yana girma zai dinga fitar da sinadarin magani, irin wanda ake yi wa marasa lafiya allura. Karatuna shi ne yadda za a rene shi da yawa a masana'anta ba tare da ya ɓaci ba. A ɗakin bincikenmu akwai tukunyar ƙarfe mai murfi, ta fi ni tsayi, bututu ta ko'ina. A ciki muke zuba masa ruwa da sukari, mu hura masa iska, inji yana juyawa. Yana ci yana kumfa.

Matsalarsa irin taka ce, in abinci ya yi masa yawa sai ya lalace. In aka cika masa sukari sai ya ajiye aikin magani ya koma yin barasa. In aka rage da yawa ya kwanta da yunwa. Binciken nawa ke nan, yadda za a dinga ɗiga masa sukarin daidai wa daida, ya yi magani, kada ya yi waccan ƙazantar.

Ka taya ni addu'a. Sau biyu ina kunna tukunyar wata ƙwayar cuta ta waje tana shiga ta cinye komai, a zubar. Farfesar da ke duba aikina ta ce wannan karon ne na ƙarshe, don akwai ɗalibai a layi suna jiran tukunyar. Da zarar na kunna, makonni za ta yi ba a kashe ta ba, kuma ni zan dinga ɗibar ruwan ina aunawa. In ta yi kyau na gama, wani kamfanin haɗa magunguna zai ɗauke ni horo. In ta ɓaci, shi ke nan, na dawo muku hannu rabbana. Waya ba ta shiga ɗakin, in kun ji ni shiru kada hankalinku ya tashi.

Yayarka

*

Yaya Mai Tabarau,

Gaisuwa da fatan alheri. Kowa lafiya, Kawu ya ce kujerarsa ta girme ki.

Tun da na karanta wasiƙarki hulata ta daina shiga kaina. Da safe da na je buɗe ledar yis sai da na gaishe shi, na ce sannu ɗan'uwan abokin aikin Yayata. Maigidan burodi ya ce ko in yi aiki ko in je a duba ni.

Amma fa kin ba ni abin wasa, kuma kin san haƙƙin taubashi ba ya faɗuwa. Da la'asar na je bencin mai aski, ga jama'a cike. Ya ce to, ɗan'uwan kusan, an samo sunan sana'ar? Na gyara murya na ce an samo, Yayata tana jami'a tana koyon dafa giya, tukunyarta ma ta fi ta tsayi. Suka ce ƙarya nake. Na zaro wasiƙar na karanta musu ruwa da sukari da kumfa, har zuwa inda kika ce ya koma yin barasa. A nan na ninke takardar, don a nan dariyar take. Mai aski sai da ya ajiye aska ya riƙe ciki. Sauran bayanin na bari sai gobe, in na ja musu rai, sannan in nuna musu ko ke wace ce.

Allah ya tsare miki tukunya daga baƙi.

Tsinke

*

Yaya,

Sallama. Jikin kowa lafiya. Zukata ne dai sai a hankali.

Ban ji daga gare ki ba, na san kina wurin tukunya. Ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa.

Goben da na ce zan ƙarasa musu bayani ba ta zo ba, maganar ta riga ni tashi. Mai aski ya ba mai shayi, mai shayi ya ba duk wanda ya sha shayi. Kafin ta zagayo ta yi kitso ta sa lalle, wai an gan ki da ido kina zuba wa mutane a kofi. Bayan sallar azahar wani dattijo ya riƙe hannun Kawu a ƙofar masallaci ya ce Allah ya shirya mana zuri'a, haihuwa ai ƙaddara ce. Kawu bai san dawan garin ba sai da ya tambaya.

Ya aika aka kira ni shago, ya ce in zo da takardar. Na karanta masa daga farko har ƙarshe, wallahi ban rage harafi ba, na ma maimaita wurin da kika ce aikinki hana yis ɗin yin barasa ne. Ya saurara, ya ce tambaya ɗaya zai yi mini. «Barasa tana iya samuwa a cikin tukunyar, ko ba ta iya samuwa?» Na ce sai in an cika sukari. Ya ce wato tana iya samuwa.

Ya kira wayarki har ya gaji. Na tuna masa cewa waya ba ta shiga ɗakin, ya ce shi ma abin da zai faɗa ke nan da yana da abin ɓoyewa. Saƙonsa ga shi yadda ya ba ni: ki tattara kayanki ki dawo gida, bai tura ki karatu don a riƙe masa hannu a ƙofar masallaci ba.

Na ce bari in gyara abin da na ɓata. Na lallaɓa shi ya biyo ni gidan burodi, na buɗe masa kwaɓin da ya kwana yana tashi, na ce Kawu ka ga, irin wannan yis ɗin ne, kuma kullum da shi kake karyawa. Ya sunkuya ya shinshina. Ya ɗago ya dube ni ya dubi Maigida, ya tambaya ko wannan tsami-tsamin da yake ji shi ne abin. Maigida, Allah ya saka masa, mutum ne mai gaskiyar da ba a tambaye shi ba, ya ce ai kaɗan ne, wuta tana kore shi.

Yaya, Kawu ya daina cin burodi. Ya hana a shiga da shi gidansa. Abokan zamansa biyu sun bi shi. Maigida ya ce in na ƙara kawo masa baƙo zai gasa ni tare da kwaɓin. Ummata kuwa ta daina zuba mini nama.

Na je gyaran gira na tsokane ido. Ki rubuto wani abu mai sanyi da zan karanta masa.

Tsinke

*

Tsinke,

Ina lafiya. Ka gaida kowa.

Ba ni da lokacin yi maka faɗa, kuma takarda ba za ta ɗauki abin da ke bakina ba. Tukunyar tana tafiya lafiya, karon farko ke nan da ta kai haka ba baƙuwar ƙwaya a ciki. Sai yanzu za ka jawo mini wannan?

Ka ce wa Baba ina ba shi haƙuri, kuma wallahi ban taɓa yin abin da zai sunkuyar masa da kai ba. Ka roƙar mini shi ya ba ni zuwa ƙarshen aikin, zan zo da kaina in durƙusa in yi masa bayani. Tsakanina da kai kuwa, ko Baba ne ya zo da ƙafarsa ba zan iya barin tukunyar nan yanzu ba. In na tafi ta mutu, kuma ba za a sake ba ni ita ba.

Yayarka

*

Yaya,

Kowa lafiya. Ni ne dai ban sani ba ko zan kai labari.

Na karanta masa. Da na zo wurin tsakanina da kai sai na tsallake, na faɗa kan sa hannunki. Ya ce in koma baya, ya ga idona ya yi tsalle. Kin san malaminmu na allo ma bai kai Kawu kama mai satar layi ba. Na koma na karanta.

Ya ce to, tunda an ce ko ya zo da ƙafarsa, bari ya ga ko ƙafar tasa ta daina aiki. Na rantse masa ba haka kike nufi ba, Inna ta sa baki, ya ce a ɗauko masa sandarsa. Ya yi magana da direban fulawa, gobe za su taso.

Wannan wasiƙar da Kawu mota ɗaya za su shiga. Allah ya sa ta riga shi sauka.

Tsinke

*

Tsinke,

Lafiya nake, tukunya ma lafiya. Ina fatan Baba ya iso gida gwiwar ba ta matsa masa ba.

Wasiƙarka ba ta riga shi ba. Tana aljihun direba, direba yana bayan Baba.

Ɗakinmu yana da bangon gilashi ta wajen baranda. Ina tsakiyar ɗibar ruwan gwaji, hannuna cikin safa, fuskata a rufe, na ɗaga kai sai ga Baba tsaye da sandarsa yana duban mutane ɗaya bayan ɗaya, bai gane wace ce ni ba. In ka buɗe bakin bututun ba a tsayawa sai an rufe, ta nan baƙuwar ƙwaya ke shiga. Na ɗaga masa hannu alamar ya jira. Ni, Tsinke, na ce wa Baba ya jira. Ta tabarau ya gane ni.

Da na fito na durƙusa na gaishe shi, bai amsa da kyau ba. Ya ce bai zo hira ba, tukunyar zai gani da idonsa, daga nan mu wuce. Na ce Baba ba za ka shiga haka ba. Ya ce haka yaya? Allah ya kawo Farfesa, ta gaishe shi da girmamawa, ta ce zai iya shiga in zai bi ƙa'idar ɗakin, don ita kanta ba ta tsallake ta.

Aka kai shi ɗakin shiri. Ya cire hula da agogo, ya wanke hannu har gwiwar hannu, aka ba shi farar riga ta rufe shi har ƙasa, da abin rufe takalmi, da ragar da ake sa wa gemu. Ƙa'ida ce wani ya duba ka kafin ka wuce, kuma ni ce a wurin. Na duba na ga ya gyara gemunsa da hannu bayan ya wanke. Na ce Baba sai ka sake. Ya dube ni. Ya juya ya koma wurin famfo.

Akwai jan layi a ƙasa wanda baƙo ba ya wucewa. A nan ya tsaya ya ƙare wa tukunyar kallo. Ya tambaye ni yadda nake sanin barasa ta samu tunda murfin a rufe yake. Na nuna masa allon na'ura, na ce wannan zanen mai kama da zare da ke kwance shi ke nuna ta, in ya fara ɗagawa yis ya fara lalacewa ke nan. Ya ce zai jira ya gani. Na kawo masa kujera ya ƙi.

Ya daɗe a tsaye da wannan gwiwar. Can zaren ya ɗan ɗaga kai. Na ji Baba ya ja numfashi. Sai famfon sukarin ya rage gudu da kansa, zaren ya koma ya kwanta. Ya juya wurin Farfesa ya ce, «Wa ya koya wa injin wannan?» Ta ce, «'Yarka.»

Ya tambayi wa za a ba maganin. Na gaya masa gaskiya, wannan na gwaji ne, ba wanda za a ba shi, amma in hanyar ta tabbata masana'anta za ta iya samun magani mai yawa daga tukunya ɗaya, ya isa ga waɗanda ba ya isa gare su yanzu. Ya gyaɗa kai. Ya fita ya cire kayan, ya ninke rigar da kyau kamar yadin shagonsa, ko da yake na ce masa wanki za a kai ta.

Na raka shi mota. Bai ce zauna ba, bai ce taho ba. Ya dai ce in koma kada a bar abin shi kaɗai. Ban san ko na yau kawai yake nufi ba. Don Allah ka buɗe kunne ka rubuto mini, kuma wannan karon ka rubuto duka.

Yayarka

*

Zuwa ga Injiniya Mai Tabarau, ba kusan ba,

Sallama da gaisuwar ban girma. Kowa lafiya. Gwiwar Kawu ta kumbura kaɗan, Inna ta gasa masa, ya ce kumburin ya biya kuɗinsa. Ummata ta dawo da naman, yanka ɗaya dai tukuna.

Da ya dawo bai yi wa kowa magana ba, har na fara tunanin garin da zan gudu. Sai ya aiko in zo in raka shi aski, alhali kansa ba gashi. Muka tarar da bencin cike. Ya sa na tsaya a tsakiya na karanta wasiƙarki ta farko har ƙarshe, yana riƙe da kunnena kamar mai riƙon akuya. Sannan ya zauna ya karɓi magana.

Yaya, ban san Kawu ya iya ba da labari ba. Ya ce shi da ya yi shekaru yana alwala sau biyar a rana, ya je wurin da aka ce tsabtarsa ba ta isa ba, kuma 'yar cikinsa ce ta mayar da shi famfo. Yana faɗa yana dukan ƙirji kamar sarauta aka ba shi. Ya ce ya ga inji yana jin maganarki fiye da yadda ni nake jin ta Ummata. Dattijon nan na ƙofar masallaci ya ce ai shi dama bai yarda ba. Kawu ya riƙe masa hannu ya ce Allah ya shirya mana harsuna.

Tun daga ranar duk wanda ya zo sayen yadi sai ya ji labarin kafin a auna masa. Wanke hannun da kika sa shi sau biyu, jiya na ji ya kai sau bakwai. Ni ma ina tsaye ina gyaɗa kai, ina cewa Yayata ce, kamar ba ni na haƙa ramin ba.

Burodi kam har yanzu bai koma ci ba. Ya ce yis ɗinki yana da mai tsaronsa, namu kuwa ni ne mai tsaron, don haka a bar maganar.

Kin ce in rubuto duka, to ga abin da kike jira. Matar yayanki ta sauka lafiya, an samu mace. Inna ta ce a aika miki ki zo ko kwana ɗaya ki yi, ki ga jaririya ki koma. Ina zaune a tsakar gida ina jiran in ga inda Kawu zai faɗi. Ya ajiye kofin shayinsa ya dube ta kamar ta ce a rufe shago ranar kasuwa.

Ya ce, «Ta zo? To yis ɗin nata, wa zai ba shi abinci?»

Ya juyo ya ce in rubuta miki jaririya ba inda za ta je, kada ya ga ƙafarki a gidan nan sai an sauke tukunya.

Na rubuta.

Taubashinki,
Tsinke